Karatun Injiniyancin Ruwa a Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu shirin shiga jami'a, da ɗaliban da suka riga suka shiga har suka ci karo da darasin ruwa, da iyayen da ke son sanin inda 'ya'yansu suka dosa. An fara da na share fage, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Wai mene ne injiniyancin ruwa, kuma me injiniyan ruwa yake yi?

Reshe ne na injiniyancin gine-gine da ke nazarin yadda ruwa yake tafiya da yadda za a bi da shi: a tare shi, a tura shi, a raba shi, a karya masa ƙarfi, ko a kauce masa. Duk inda ka ga madatsar ruwa, ko bututun ruwan sha, ko hanyar ruwan noman rani, ko kwalbati a ƙarƙashin titi, ko katangar da ke kare gari daga teku, to akwai wanda ya zauna ya lissafa yawan ruwan da zai bi ta nan a kowace daƙiƙa, da gudunsa, da ƙarfin da zai danna jikin ginin da shi.

Sana'ar ta girmi jami'o'i nesa ba kusa ba. Tsarin raba ruwa na Dujiangyan a ƙasar Sin an gina shi ne wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau yana shayar da gonaki. Rumawa sun ja ruwa zuwa birnin Nim da ke Faransa ta yau a kan tsawon kusan kilomita 50, alhali gangarar da ke tsakanin mafari da ƙarshe ba ta kai mita 13 ba. Injiniya Al-Jazari ya bayyana na'urorinsa na ɗaga ruwa a littafinsa na shekarar 1206. Abin da jami'a ta ƙara a kan wannan gado shi ne iya faɗin abin da ruwa zai yi tun ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Ina bambancinsa da haidiroloji? Kuma yana da alaƙa da haidirolik ɗin motocin tona ƙasa?

Haidiroloji shi ke amsa tambayar ruwa nawa zai zo da lokacin da zai zo: ruwan sama nawa ya sauka, nawa ƙasa ta sha, nawa ya gangaro kogi. Injiniyancin ruwa kuwa daga nan yake ɗauka: to ga ruwan ya iso, ina zai bi, zurfinsa nawa, me zai yi wa gada? Ba wanda zai zana kwalbati da ɗaya ya bar ɗaya, shi ya sa ake koyar da su kafaɗa da kafaɗa.

Haidirolik na motocin tona ƙasa da birki, wanda ake tura mai a cikin siririn bututu don ɗaga kaya, tushensu ɗaya da namu, amma fannin injiniyan kanikanci ne. Mai son wannan, can ya kamata ya nufa.

Ana yin digiri na farko a wannan fanni kai tsaye?

A yawancin ƙasashe, a'a. Ana shiga ne ta sashen injiniyancin gine-gine, a yi shekara uku zuwa biyar gwargwadon tsarin ƙasar, a zaɓi darussan ruwa a shekarun ƙarshe, sannan a ƙware sosai a digiri na biyu. Wasu jami'o'in suna da sashen albarkatun ruwa da muhalli mai zaman kansa, wasu kuma ta injiniyancin noma ake isa ga ban ruwa da magudanai.

Kafin ka zaɓi jami'a, bincika abu biyu. Na farko, ko hukumar injiniyoyi ta ƙasar ta amince da kwas ɗin, don in ba haka ba rajistar aiki za ta yi maka wuya daga baya. Akwai yarjejeniyar Washintan ta 1989, wadda hukumomin ƙasashen da suka sa hannu a kanta suke karɓar digirin juna, kuma wannan yana da amfani ga mai tunanin aiki a waje. Na biyu, ko suna da ɗakin gwajin ruwa da ke aiki da gaske. Dalilin nacewa a kan wannan yana cikin amsar da ta yi magana a kan ɗakin gwaji.

Waɗanne darussa zan tarar?

Shekarun farko lissafi ne da fiziks da zanen injiniya da safiyo da ƙarfin kayan gini. Daga nan sai darasin da shi ne ƙofar fannin, wato nazarin halayen abubuwa masu gudana. A nan za ka haɗu da ƙa'idar da Daniel Bernoulli ya wallafa a 1738, wadda ke cewa ƙarfin da ke cikin ruwa yana sauya kama tsakanin tsawo da matsi da gudu. Bayansa sai gudun ruwa a bututu, gudunsa a buɗaɗɗiyar hanya, haidiroloji, ruwan ƙarƙashin ƙasa, injinan famfo, zanen madatsu da mafitarsu, tafiyar yashi da laka a kogi, da magudanan birni.

Kada ka yi wasa da darasin nazarin ƙasa. Ɗalibai masu son ruwa sukan ɗauke shi darasin wasu, alhali madatsu da yawa ta ƙarƙashinsu ruwa ya ci su, kamar yadda za ka gani a amsar rushewar madatsu.

Ba ni da ƙarfi sosai a lissafi. In haƙura?

Kada ka yi saurin haƙura, amma kada kuma wani ya yaudare ka cewa babu lissafi. Akwai kalkulas, akwai lissafin sauye-sauye, akwai ƙididdiga. Sai dai abin da ya fi kayar da ɗalibai a darasin ruwa ba zurfin lissafi ba ne, abubuwa ne ƙanana: rikita ma'auni, mance cewa mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, ko fara rubuta dabara kafin a zana hoton matsalar. Wanda ya saba da zana hoto, ya sa alamar inda ruwa ya shiga da inda ya fita, ya bi ma'auninsa layi bayan layi, yakan wuce wanda ya fi shi kaifin ƙwaƙwalwa amma yake gaggawa.

Kuma ka kwantar da hankalinka da wannan: cikakken lissafin motsin ruwa, wanda Navier ya fara a 1822 Stokes ya kammala a 1845, har yau ba a warware shi gaba ɗaya ba, yana ma cikin matsaloli bakwai da aka sa wa kyautar dala miliyan ɗaya a shekarar 2000. Injiniya ba ya jiran a warware shi. Yana aiki ne da sauƙaƙan dabaru da gwaji ya tabbatar, kuma gwanintarsa ita ce sanin iyakar kowace dabara.

Me ya sa ake raba darasin bututu da na buɗaɗɗiyar hanya? Ba duk ruwa ba ne?

Ruwa ɗaya ne, amma abin da ke tafiyar da shi daban. A cikin cikakken bututu matsi ne ke tura shi, shi ya sa yake iya hawa tudu, kuma faɗin hanyarsa sananne ne. Babbar tambaya a nan ita ce ƙarfi nawa gogayya za ta cinye. Ga misalin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe: idan kana son tura yawan ruwa ɗaya a kowace daƙiƙa amma ka rage faɗin bututu zuwa rabi, gudun ruwan zai ninka sau huɗu, asarar ƙarfi kuma za ta ninka kusan sau 32. Wanda ya sayi siririn bututu don rage kuɗin gini, zai biya bambancin a wutar famfo shekara da shekaru. Osborne Reynolds ya nuna a Mancesta a 1883, ta hanyar ɗiga rini a cikin bututun gilashi, cewa ruwa yana da tafiya iri biyu: natsattsiya da hargitsattsiya. Lambar da ke ɗauke da sunansa, wadda ake lissafawa daga gudun ruwan da faɗin bututun da kaurin ruwan, in ta yi ƙasa da kusan 2,000 tafiyar natsattsiya ce, in ta haura 4,000 ta hargitse, kuma kusan duk bututun ruwan gari a hargitse yake tafiya.

A buɗaɗɗiyar hanya kuwa, kogi ne ko lambatu, nauyin ruwan ne da gangara ke jan sa, kuma zurfin ruwan shi kansa ba a san shi ba, shi ake nema. Wannan ne ya sa darasin ya fi wuya. A nan lambar Froude, wadda ake lissafawa daga gudun ruwan da zurfinsa, ita ce ke mulki. In ta gaza 1, ruwan mai zurfi ne mai tafiya sannu, kuma abin da ke gabansa, kamar gada ko madatsa, yana iya kumbura shi ya koma baya. In ta wuce 1, ruwan siriri ne mai gudun tsiya, ba ya jin labarin abin da ke gaba sai ya afka masa. Inda mai gudu ya haɗu da mai sannu, sai ruwan ya yi tsalle yana tafasa da kumfa. Injiniyoyi da gangan suke haddasa wannan tsalle a gindin madatsa, a cikin kwarin kankare da aka gina domin shi, don ruwan ya karya ƙarfinsa a can maimakon ya ƙwaƙule gindin ginin.

An ce dabarun fannin da yawa na gwaji ne, ba na tsantsar lissafi ba. To yaya za a amince da su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi. Gaskiya ne. Dabarar da aka fi amfani da ita wajen zana hanyar ruwa, wadda Robert Manning ɗan ƙasar Ailan ya gabatar a 1889, an samo ta ne daga kwatanta awon da aka yi a koguna da hanyoyin ruwa. Haka dokar Henry Darcy ta 1856 a kan yadda ruwa ke ratsa yashi, daga gwajin da ya yi a birnin Dijon ta fito. An amince da su ne saboda an gwada su fiye da ƙarni guda, an san inda suke aiki da inda suke kuskure.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A cikin dabarar Manning akwai lamba guda da ke nuna kaushin hanyar, kuma injiniya ne ke zaɓarta. Kankare mai santsi kusan 0.013 ne, hanyar ƙasa mai tsabta kusan 0.025. Idan ciyawa ta cika wannan hanyar ƙasar har lambar ta koma 0.035, ruwan da za ta iya ɗauka zai ragu da kusan kashi 30 cikin 100, ba tare da an taɓa faɗinta ko gangararta ba. Ɗalibi zai iya fitar da amsa mai lambobi shida bayan ɗigo, alhali lambar da ya ɗora komai a kanta zaɓi ce da ya yi da ido daga tebur. Don haka malamin kirki ba ya tsayawa a kan amsarka, sai ya tambaye ka: me ya sa ka zaɓi wannan lambar, ka taɓa ganin hanyar a ƙarshen damina, kuma me zai faru in ka yi kuskure da kashi 20 cikin 100? A ganina, duk karatun shekarun nan horo ne na iya amsa waɗannan tambayoyi uku da gaskiya.

Tunda akwai manhajojin kwamfuta, me ya sa ake wahalar da mu da lissafin hannu?

Manhajojin suna da kyau, kuma dole ka koye su. HEC-RAS, ta rundunar injiniyoyin sojan Amurka, ita ake amfani da ita wajen kwaikwayon kogi da taswirar ambaliya. EPANET ta bututun ruwan sha ce, SWMM kuma ta magudanan birni. Duk ukun kyauta ake sauke su. Ka haɗa da QGIS don taswira, da ɗan abin da ya samu na Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta.

Sai dai manhaja ba ta san kogin ba. Abin da ka ba ta shi za ta sarrafa, ta fito maka da taswira mai launi mai ban sha'awa ko da lambar kaushin da ka sa ba daidai ba ce. Lissafin hannu shi ke ba ka ma'aunin da za ka gane an yi ɓatan kai: in kwamfuta ta ce ruwa yana gudun mita 15 a daƙiƙa a cikin lambatu mai kwance, wanda ya saba da lissafin hannu nan take zai tsaya ya koma ya duba. Duba amsar da ta gabata a kan zaɓen lambobi, don matsalar ɗaya ce.

Me ake yi a ɗakin gwaji, kuma dole ne?

Dole ne. A nan za ka ga tsallen ruwa da idonka a cikin doguwar hanya mai bangon gilashi, ka auna ruwan da ke tsallake shinge, ka ga yadda matsi ke faɗuwa inda bututu ya tsuke. Abin da aka karanta a allo sai an gan shi yana motsi yake zama a kai.

Manyan ayyuka har yau ana gina musu ƙaramin samfuri a gwada kafin a fara gini. Kuma ba rage girma kawai ake yi ba, akwai ƙa'ida. In aka rage tsawo sau 25, gudun ruwa a samfurin zai zama kashi ɗaya cikin biyar na ainihin, yawan ruwan kuma kashi ɗaya cikin 3,125. Ƙasar Holan ta yi fice a wannan. Bayan ambaliyar teku ta 1953, wadda ta kashe mutum fiye da 1,800 a ƙasar, ta gina jerin katangu da ƙofofin ruwa da ake kira ayyukan Delta, kuma birnin Delft ya zama matattarar masu wannan karatu daga sassan duniya, musamman cibiyar koyar da ilimin ruwa ta IHE da aka kafa a 1957.

Me ake nufi da ambaliyar shekara 100? Sau ɗaya take zuwa a ƙarni?

A'a, kuma wannan rashin fahimta ya jawo asara mai yawa. Ma'anarta ita ce ambaliyar da ke da yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Tana iya zuwa bana ta sake zuwa baɗi. In ka lissafa, gidan da zai yi shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kashi 26 cikin 100 na ganin ta, ginin da zai yi shekara 50 kuma kusan kashi 40.

Wani abin lura shi ne, ana ƙiyasta wannan ambaliya ne daga bayanan shekarun baya, waɗanda sau da yawa ba su kai shekara 100 ɗin ba, kuma yanayi yana sauyawa. Iska tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri ɗaya, birane kuma suna shafe ƙasa da kwalta da siminti, ruwan da a da ƙasa ke sha yanzu lambatu yake nufa. Ɗalibin yau zai yi aiki ne a zamanin da tsofaffin teburan ruwan sama suke buƙatar a sake duba su.

Me ya sa malamai ke yawan kawo labarin madatsun da suka rushe?

Saboda kowace ɗaya ta koyar da abin da ba ya cikin dabara. Madatsar Teton a Amurka ta rushe a watan Yunin 1976 lokacin da ake cika ta karon farko: ruwa ne ya sami kafa ta cikin ƙasa, ya dinga kwashe ta kaɗan-kaɗan har ya buɗe rami. A Vajont ta Italiya a 1963, madatsar ba ta faɗi ba, tana nan tsaye har yau. Gefen dutse ne ya zaftare cikin tafkin, ruwa ya tsallake ta, ya hallaka kusan mutum 2,000. An lissafa ginin daidai, amma ba a ba dutsen da ke gefensa muhimmancin da ya kamata ba. A madatsar Oroville ta Amurka a 2017, kankaren mafitar rarar ruwa ne ya fashe, aka kwashe mutum fiye da 180,000. A Darna ta Libiya kuma, madatsu biyu suka ɓalle a watan Satumban 2023 bayan mamakon ruwan sama, dubban mutane suka rasu.

Ba don tsoratarwa ake kawo su ba. Ana so ɗalibi ya gane cewa a ƙarƙashin kowace madatsa akwai mutanen da ke barci da yardar cewa wani ya yi aikinsa tsakani da Allah, kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe ginin, akwai dubawa da gyara na tsawon rayuwarsa.

Waɗanne abubuwa ne sababbin injiniyoyi suka fi rainawa a aikin bututu da famfo?

Na farko, bugun da ruwa ke yi in aka rufe bawul farat ɗaya. Nikolai Zhukovsky ya yi nazarinsa a bututun birnin Mosko a ƙarshen ƙarni na 19. A bututun ƙarfe, tsayar da ruwa mai gudun mita ɗaya kacal a daƙiƙa nan take yana iya haifar da ƙarin matsi daidai da na ruwa mai zurfin kusan mita 100. Shi ya sa ake rufe manyan bawul sannu a hankali.

Na biyu, famfo ba ya iya zuƙo ruwa daga kowane zurfi. Nauyin iska ne ke tura ruwan zuwa sama, kuma iyakarsa mita 10.3 ce a daidai bakin teku, a aikace ma bakwai zuwa takwas. In matsi ya faɗi ƙwarai, ruwa yakan yi ƙananan kumfa na tururi, su fashe a jikin ƙarfe ko kankare su dinga cin sa. Wannan ne ya lalata ramukan fitar da ruwa na madatsar Glen Canyon ta Amurka a 1983, kuma maganin da aka yi shi ne buɗe kafofin da za su shigar da iska cikin ruwan.

Ina ake samun aiki bayan kammalawa?

Hukumomin ruwan sha, kamfanonin zane da ba da shawara, 'yan kwangila, hukumomin kula da koguna, ma'aikatun tituna, tashoshin lantarki na ruwa, tashoshin jiragen ruwa, ƙungiyoyin agaji, da jami'o'i. Ban ruwa babban fage ne, tunda noma ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ake ɗiba a duniya. Digiri kaɗai ba ya ba ka ikon sa hannu a zane. A yawancin ƙasashe sai ka yi wasu shekaru a ƙarƙashin injiniya mai rajista, sannan hukuma ta tantance ka. Ka nemi wurin da za a riƙa fita da kai fili a waɗannan shekaru, ko da albashin bai kai na zaman ofis ba.

Me zan iya fara yi tun yanzu, kafin darussan su zo?

Ka ƙarfafa aljabra da kalkulas, ka saba da sauya ma'auni har ya zama ba ka tunani a kai. Sannan ka auna ruwa da hannunka. Nemi ƙaramar hanyar ruwa miƙaƙƙiya wadda ba ta da zurfi ko haɗari, kuma ba lokacin da ake ruwan sama ba. Auna tsawon mita 10, jefa ɗan kara, ka ƙirga daƙiƙun da zai yi. Raba tsawon da lokacin, ka sami gudun saman ruwa. Ninka shi da kusan 0.85, domin ruwan ƙasa da na gefe ba ya gudu kamar na sama. Auna faɗi da zurfi a wurare uku ko huɗu, ka ninka faɗin da matsakaicin zurfin, sannan ka ninka amsar da gudun, ka sami yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa. Rubuta ranar da yanayin hanyar, ka koma bayan wata guda ka sake aunawa. In ka kai darasin Manning, ɗauko waɗannan lambobi, ka auno gangarar wurin, ka juya dabarar ka fitar da lambar kaushin hanyar da kanka, sannan ka kwatanta ta da wadda ke cikin tebur.